Ba A Wanke Allo Sai An Biya

Ranar da Auta ta kawo mini takardar sakamakonta na ƙarshen aji biyu na babbar sakandare, ina zaune a ƙofar gidanmu a Zangon Agege, dawowata ke nan daga Ikeja, ko takalmi ban cire ba. Miƙo mini kawai ta yi, ta tsaya gefe tana murza bakin hijabinta. Bayoloji lafiya lau, Turanci ba laifi, Lissafi da ƙyar ta tsallake. Fizis da Kemistiri kuwa jan biro ne. Wannan a watan Yulin 2023 ne, kuma yarinyar nan tun tana firamare take cewa ita harhaɗa magunguna za ta karanta. Wanda duk ya san tsarin JAMB ya san mai wannan buri ba shi da hanyar kauce wa darussan nan biyu, domin su ne za su biyo bayan Turanci da Bayoloji a jarrabawarsa.

"Yaya, wallahi ina karantawa," in ji ta, muryarta na rawa. "Ina haddace shi tas. Amma da an ɗan juya tambayar sai in rasa inda zan kama."

Na yarda da ita, don na sha ganinta da littafi har ta yi barci a kansa. Ajinsu ya haura mutum saba'in, ɗakin gwaje-gwajen makarantar kuma a rufe ya fi zama. Maganar ɗauko malamin da zai riƙa zuwa gida ba ta ma taso ba. Wata biyu ke nan da cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Agege zuwa ko'ina ya ninka, Baba kuma abin da yake samowa a mayankar Oko-Oba na cefane ne da haya. Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Computer Village, shekara tara ke nan, karatuna ya tsaya a sakandare. Ba zan iya koya mata Fizis ba. Abin da na iya shi ne waya, don haka ta nan na ɓullo wa lamarin.

Na sayi wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a hannun abokin sana'a, na sauya mata gilashi da batir, na sa mata memori. Kafin in kai ta gida sai da na fara zama da Baba, don na san inda gizo ke saƙar.

"Waya a hannun budurwa, da dare?" ya ce, yana kallona ta saman tabarau. "Kai ma ka san abin da ke cikin abin nan fiye da ni."

Na ce masa, "Baba, ba layi a cikinta. Ba kira, ba WhatsApp, ba komai. Ni zan riƙa zuba mata karatun da hannuna, a falo za ta yi amfani da ita, a hannun Inna za ta kwana." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa albarka. Har yau ina ganin cire layin nan yana cikin abubuwa mafi amfani da muka yi, ba don rashin yarda da Auta ba. Ni da nake babba, sau nawa na buɗe waya don duba abu guda, sai in farga awa ta wuce ina kallon abin da ba shi na zo nema ba.

Saukar da bidiyon aikin dare ne. Nakan sayi datar dare mai rahusa, in sa ƙararrawa ta tashe ni bayan sha biyu, in kunna wa wayarta intanet daga tawa, in shiga YouTube in yi ta saukewa. Da farko don tsimi na riƙa zaɓar mafi ƙarancin kyan hoto, sai ya zama rubutun malami a allo ya dagule, ba a bambance 3 da 8, ƙananan lambobin da ke saman haruffa kuma sun ɓace gaba ɗaya. Mai kyan hoto sosai kuwa, wato na 720, yana shanye data kafin a je ko'ina. A kan 360 muka tsaya, shi ne rubutu ke fitowa kuma aljihu ya iya ɗauka. Bidiyon da aka sauke a cikin manhajar YouTube a cikinta yake zama, kuma lokaci-lokaci sai an sake haɗa wayar da intanet kafin ya ci gaba da buɗewa, don haka wannan ma ya shiga aikina na dare.

Na fara da Khan Academy. Wani Ba'amurke ne mai suna Salman Khan ya kafa ta, ba ɗan fim ɗin Indiya ba, suna ne ya zo ɗaya. A 2004 ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, a 2006 ya fara ɗora darussan a YouTube, a 2008 abin ya zama cibiya mai zaman kanta, kuma kyauta ne. Labarin ya kwanta mini a rai, don shi ma 'yar uwa ce ta sa ya fara. Na haɗa da bidiyon wasu malamai 'yan Nijeriya masu warware tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, da wasu malaman Indiya. Cikin mako biyu na tara mata darussa sama da tamanin. Ina kallon jerin nan ina jin daɗi, kamar wanda ya cika rumbu.

Auta ta kalle su duka. Bayan Isha za ta zauna a kan tabarma, abin sauraro a kunne, tana gyaɗa kai. In na tambaye ta sai ta ce, "Yaya, mutumin nan ya iya koyarwa, na gane sosai." Kafin mu fara na ba ta tambayoyin Fizis arba'in daga littafin tsofaffin tambayoyi da na saya, ta ci goma sha ɗaya. Bayan wata guda cif tana kallo, na ba ta wasu arba'in. Ta ci goma sha uku.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kuɗin data bai dame ni ba kamar fuskarta lokacin da na gama duba takardar. Ta ce mini, "Ke nan ni ce ba ni da ƙwaƙwalwa." Na rasa abin da zan ce mata.

Inna ce ta warware mana. Tana gefe tana tsince shinkafa, duk abin da muke yi tana ji. Ita boko ba ta yi ba, amma ta sauke Alƙur'ani a Zariya kafin a kawo ta Ikko. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin karatun da ake yi da ido kawai ba. Gani ai ba ci ba ne. Mu a makarantar allo, ba a rubuta maka sabo sai ka zo gaban malam ka biya na allonka, ya ji da kunnensa, sannan ya ce je ka wanke. Kai kuma ka jibga mata alluna tamanin a lokaci guda, ba wanda ta biya."

Maganar ta zauna daram. Wanda yake shiga danfo, motar hayar Legas, kullum daga Agege zuwa Oshodi zai rantse ya san hanya, don idonsa ya saba da kowace kwana. Ranar da aka ba shi sitiyari ne zai gane direba ne ya san ta. Malamin bidiyo yana warware tambaya sumul, ba ya tuntuɓe, mai kallo yana biye da shi, zuciyarsa na ce masa ai wannan mai sauƙi ne. Jin daɗin bin bayan malamin ne Auta take kira ganewa, ni ma kuma na ɗauka hakan ne.

Washegari na goge komai. Na shiga shafin JAMB na sauko da manhajar karatun kowane darasi, wadda hukumar ke bayarwa kyauta, na buga ta a takarda a wani shago kusa da Pen Cinema, muka manna a bangon falo. Daga ranar, bidiyo biyu kacal nake sa mata a rana, kuma sai wanda ya dace da batun da muke kai a takardar bango. Muka kafa sharuɗɗa. Ba kallo sai da biro da littafi. Da malami ya rubuta tambaya, ta tsayar da bidiyon, ta gwada da kanta ko da za ta faɗi, sannan ta sake shi ta ga inda suka rabu. In ya ƙare, ta kife wayar a kan tabarma, ta yi mini bayanin darasin da Hausa. In ta biya, in goge, in sa sabo, ta ja layi a takardar bango. In ba ta biya ba, gobe shi za a maimaita.

Bayani da Hausar nan shi ne ya fi tona asirin inda giɓi yake. Da Turanci tana iya maimaita jimlar littafi kalma bayan kalma ba tare da ta san abin da ke ciki ba. Da Hausa babu jimlar da za ta haddace, dole ta ƙera tata. Ranar farko ta fara, "Wato shi ƙarfin wuta, shi ne... shi ne..." sai ta tsaya. Ta ɗauki wayar ta mayar da bidiyon baya har sau huɗu. A nan na ga wata falala da bidiyo ke da ita a kan aji mai mutum saba'in: ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba wanda zai yi maka dariya don ka ce a maimaita. Turancin Amurkawan yana mata sauri, sai muka rage gudun maganar zuwa 0.75, muka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasa.

Wani abokin cinikina, malamin kimiyya ne a wata makaranta a Ogba, ya kawo gyaran waya muna hira na ba shi labari. Shi ne ya ce in nemi PhET. Shafi ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, masanin Fizis da ya ci kyautar Nobel a 2001, ya kafa a 2002. Ba bidiyo ba ne. Ɗakin gwaji ne a cikin allon kwamfuta, kai ne za ka taɓa, ka ja, ka sauya, ka ga abin da zai faru. Kyauta ne a shafinsu, kuma ana iya sauke kowane gwaji a ajiye, ya yi aiki ba intanet. Allon waya ya yi masa ƙanƙanta, sai na aro wata tsohuwar kwamfutar cinya da ke ajiye a shagonmu, batirinta ba ya wuce minti arba'in.

Ba zan manta daren da muka buɗe gwajin haɗa wutar lantarki ba. An ɗauke wuta tun la'asar, zafi ya hana zaman ɗaki, muka fito baranda da fitilar caji, janareton maƙwabta na ta ruri. A gefen allon akwai batir, da ƙwan fitila, da wayar wuta, da makunni. Auta ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannunta sai kaucewa yake. Da ƙyar ta jawo batir, ta jawo ƙwai ɗaya, ta haɗa. Ƙwan ya kama, wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka fara zagaya wayar a jere kamar tururuwa. Na ce ta ƙara ƙwai na biyu a bayan na farko, a layi ɗaya. Kafin ta haɗa na riƙe hannunta.

"Faɗa mini tukuna, me zai faru?"

"Za su kama duka biyun."

"Hasken fa?"

"Kamar na da mana, Yaya. Ai batirin bai canza ba."

Ta haɗa. Ƙwayayen suka kama dishi-dishi, 'yan ɗigon nan suka rage gudu. Ta matso da fuskarta kusa da allon. Na ce ta cire ɗaya, tana cirewa ɗayan ma ya mutu. Sai muka sake gini, wannan karon kowane ƙwai da nasa reshen daga batir. Duka biyun suka haska tar, ta cire ɗaya, ɗayan ko gezau. Ta yi shiru na ɗan lokaci, can ta juyo ta ce, "Yaya, ashe shi ya sa in ƙwan ɗakin Inna ya mutu, na falo ba ya mutuwa!" Wata uku tana haddace wannan a littafi, a daren nan ne ya shiga. Daga baya garin wasa ta haɗa kan batir da gindinsa da waya ba komai a tsakani, sai ga wuta ta kama a hoton batirin. Ta zabura har ta saki linzamin. Na ce mata abin da ke ƙona wayoyin mutane ke nan da ake kawo mini kullum.

Kashegari na zo da mitar da nake aiki da ita da rizisto biyu daga shago, wato 'yan ƙananan abubuwan da ke rage gudun wuta, kowanne awonsa om 100. Na ce ta lissafa a takarda kafin mu auna. A jere ta ce 200, mita ta nuna kusan haka. A reshe biyu ta yi lissafinta ta ce 50, tana shakka, don a ganinta bai kamata ka ƙara abu ya ragu ba. Na ɗora bakin mitar, ta nuna 50 da 'yan kai. Ita ce ta yi mini bayanin dalili: wuta ta sami hanya biyu maimakon ɗaya, kamar a buɗe wa masu fita daga masallacin Juma'a ƙofa ta biyu. Shekara tara ina auna wannan abu da hannuna, a bakin ƙanwata na fara jin dalilinsa, kuma daɗin da na ji a ranar ba zai faɗu ba.

Daga nan muka ƙara sharaɗi: ba a taɓa gwaji sai an rubuta hasashe a littafi. In ba haka ba wasa kawai zai koma, a yi ta jan abubuwa ana kallon launi. A gwajin harba abu sama ta rubuta cewa kusurwar digiri 60 za ta fi ta 30 nisa, ta harba duka biyun suka sauka wuri ɗaya, ta 45 ce ta fi su. Tambayar da ta faɗi da hasashenta ba ta sake faɗuwa a kanta ba.

Kemistiri ya zo da tasa matsalar. Malaman waje suna kiran sinadarai da sunan da ya bambanta da na littattafanmu. Abin da bidiyo ke kira sulfuric acid, littafin Auta da takardar jarrabawa tetraoxosulphate VI suke ce masa, alhali duka H₂SO₄ ne. Mako guda tana zaton abubuwa biyu ne daban. Sai ta ware shafin ƙarshe na littafinta, ta ja layi a tsakiya, sunan bidiyo a hagu, sunan jarrabawa a dama. A Fizis ma akwai irin wannan: malaman Amurka suna lissafi da 9.8 a matsayin yadda saurin abu ke ƙaruwa kowace daƙiƙa idan yana faɗuwa ƙasa, tambayoyin JAMB kuwa galibi 10 suke bayarwa. Akwai kuma ranar da wani malami a YouTube ya warware tambaya ya fito da amsar da ta saɓa wa tata. Ta maimaita sau uku tana samun abu guda, muka duba littafin makaranta, ita ce da gaskiya, shi ne ya yi kuskuren alama. Tun daga ranar ta daina ɗaukar duk abin da ya fito a allo kamar yankan wuƙa.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne gwajin da WAEC ke sa ɗalibai su yi da hannu, inda ake ɗiga ruwan asid daga dogon bututun gilashi mai awo cikin ruwan alkali har launi ya juya. Ta kalli bidiyonsa ya fi sau goma. Ta san ana ɗauraye bututun da ruwan da za a zuba a cikinsa, ta san ana karanta awo ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, ta san ana maimaitawa har awo biyu su zo kusa da juna. Amma ba ta taɓa riƙe kayan ba. Wata Asabar na ga wani bidiyo da aka yi amfani da jan kabeji a matsayin mai nuna launi, sai zoɓo ya faɗo mini a rai.

Muka jiƙa zoɓo a ruwan zafi ba sukari, muka tace. Muka jiƙa kanwa a wani kofi ta kwanta, muka tsiyaye ruwan sama. Muka matse lemon tsami, na sayo sirinji mai cin mililita 10 a kemis, ba allura. Auta ta zuba ruwan kanwa a kofin gilashi ta ɗiga zoɓo a kai. Jan nan ya juye nan take ya koma duhu mai ratsin kore. Ta zuƙo lemon tsami a sirinji ta fara ɗigawa, ɗigo ɗaya, ta girgiza kofin, wani ɗigon, ta girgiza. Kumfa ta fara tasowa, ta ce iskar kabon ce ke fita, don kanwa gishirin kabonet ne. Inda ɗigon ya sauka sai ja ya bayyana ya ɓace, ya bayyana ya ɓace, har aka kai ɗigon da ya sa jan ya tsaya bai koma ba. Ta duba sirinji ta rubuta awo. Ta sake daga farko sau biyu. Inna na tsaye a kanmu da ludayi a hannu, ta ce, "Wannan ai kashe tsami ne. Ba shi nake yi wa yakuwa kullum ba?" Auta ta ce, "Inna, shi ne wallahi, sunansa kawai suka canza." Ranar Inna ta fi kowa murna, har Baba sai da ta ba shi labari da ya dawo.

Ba zan ce zoɓo ya maye gurbin ɗakin gwaji ba. Da makarantarsu ta buɗe nata ana saura 'yan makonni jarrabawa, Auta ta dawo tana cewa famfon bututun ya fi ƙarfin yatsunta, sau biyu tana zarce wurin tsayawa. Wannan sabon hannu ne, ba bidiyon da zai ba ka shi. Amma ta shiga ta san abin da take nema, ta san dalilin kowane mataki, cikin kwana uku hannun ya faɗa.

Atisayen Khan Academy, masu ba ka tambaya su duba amsarka nan take su kuma ba ka haske mataki-mataki in ka maƙale, suna buƙatar intanet. Su muka ware wa ranar Lahadi da rana, ina zaune kusa da ita. Sun taimaka mata ƙwarai a lissafin da ke ƙarƙashin Fizis, musamman juya ƙa'ida a fitar da harafin da ake nema, wanda ashe nan ne rabin matsalarta take tun asali.

A watan Janairun 2024 muka yi rajistar JAMB. Sai da lambar NIN. Na sa layin da aka yi wa rajista don ita a wayata, muka tura NIN ɗin ta saƙon tes zuwa 55019, aka turo lambar shaida, da ita muka sayi fin, wato lambar sirrin rajista, sannan muka je cibiyar da hukumar ta amince da ita aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta goma. A layin nan wani matashi ya raɓo ni yana raɗa cewa akwai rukunin WhatsApp da ake turo amsoshi daren jarrabawa, kuɗi kaɗan ne. Na ce masa Allah ya kiyaye, na ja ƙanwata muka matsa gaba.

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa arba'in ke nan kowace tambaya. Na sa manhajar gwajin jarrabawa a tsohuwar kwamfutar nan, ta koyi amsawa da madannai: A, B, C, D don zaɓi, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Zaman farko lokaci ya ƙare mata da tambaya talatin da ba ta ko gani ba, don ta tsaya kokawa da tambaya guda ta Fizis. Ta koyi tsallake mai wuya ta dawo mata daga baya. Azumi ya kama a watan Maris, muka mayar da karatun bayan sahur, lokacin unguwa shiru, kai kuma sakayau.

Sallah ta zo ana saura kwana kaɗan jarrabawa. 'Yan matan gidanmu duka suka zauna ƙunshi, Auta ta ƙi sa lalle a yatsunta, don kada na'urar duba yatsa ta kasa gane ta a ƙofar shiga. Ta zauna tana riƙe wa ƙawayenta kwano, hannunta fari fat. Inna ta ce in an gama za ta yi mata wanda ya fi na kowa, kuma ta cika alkawari.

Ranar jarrabawa muka bar gida ana kiran assalatu. Ba a shiga da waya, ko agogo, ko na'urar lissafi, akwai ta cikin kwamfutar. Na karɓi jakarta na tsaya a waje tare da sauran iyaye da yayye, Yarbawa da Ibo da mu, kowa bakinsa na motsi da irin addu'arsa. Da ta fito na kasa tambayarta, ita ce ta ce, "Yaya, tambayar ƙwai biyu ta fito."

Da sakamako ya fito muka tura UTMERESULT zuwa 55019 da layin nan nata. Saƙon ya shigo ina tsakiyar buɗe wayar wani a shago, na ajiye sukundireba na karanta sau biyu. Jimla 254, Fizis 66, Kemistiri 63. A WAEC ta samu kiredit a duka darussan da ake buƙata. Harhaɗa magunguna bai samu ba a wannan shekarar, masu nema sun yi yawa, makinta bai kai ba. Ta yi kuka kwana biyu, sannan ta karɓi gurbin karatun Kemistiri a wata jami'a a nan Legas. Yanzu tana da wayarta da layinta, kuma darussan jami'ar MIT da ake sakawa kyauta a intanet take bi idan lacca ta shige mata duhu, littafi a cinya, biro a hannu.

Tsohuwar wayar tana hannun ɗan maƙwabcinmu mai sayar da albasa a Mile 12, yaron yana aji uku na babbar sakandare. Ni nake sauke masa da dare, Auta ke karɓar karatun idan ta zo gida ƙarshen mako. Asabar da ta wuce na shigo na same su a baranda, yaron ya cire abin sauraro yana cewa, "Anti, na gane wallahi." Ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta kife ta a kan tabarma, ta ce, "To, biya mini."